Katunan Angona

Wata Asabar ce a tsakiyar zafi, shekarar da na gama aji uku, Mama ta ɗaga katifar ƙanena ta saki salati. Kuɗin cizo ne, sun yi jerin gwano a bakin ɗinkin katifar. Kafin azahar gidanmu na hawa na biyar a unguwar Parkchester, can ƙasar waje, ya hargitse kamar za mu tashi. Mai kula da ginin ya hau ya ce masu feshi za su zo Litinin, kuma ga sharaɗinsu: tufafi duk a kai injin wanki mai zafi, kwali da tsohuwar takarda kuwa a fitar da su, don a ciki ƙwarin suke ƙwai. Ni dai murna nake yi an fasa zuwa Islamiyya, ina ta jan baƙaƙen ledoji zuwa bakin lif. Sai da na ga idon Mama ya sauka kan kwalin da ke ƙarƙashin gadon Alhaji, sannan na saki ledar da nake ja.

Alhaji kakana ne, mahaifin Abba. Jinyar ido ta kawo shi daga Kano, idon bai gyaru ba, shi ma bai koma ba. Ina ce masa Angona, yana ce mini Uwargida, kuma ba mu wuni ba mu yi faɗa ba. In ce na fasa auren tsoho marar haƙori, ya ce dama wa zai kwashi yarinyar da ko shayi ba ta iya haɗawa ba. Ni ke riƙe masa hannu mu sauka tsakar gine-ginen, ya zauna a benci yana jin ƙarar jirgin ƙasa mai lamba shida daga nesa, ni ina tsallen igiya da ƙawayena. Ni ke raka shi titin Fordham Road wurin wata Hajiya 'yar Gana mai sayar da goro, su yi ta gardamar Hausar wa ta fi daɗi.

A kan bencin nan na san ko shi wane ne, guntu-guntu, tsakanin tsalle da tsalle. Tun Abba yana rarrafe Alhaji ya kafa kamfani a Kano, ya shigo da kwamfuta mai cika ɗaki guda, ita ke shan sanyin na'ura, ma'aikata na gumi a waje. Ita ke lissafa wa masaƙu da majemu albashin ma'aikatansu. Ba a yi mata magana sai da katuna masu huji, kowane kati umarni ɗaya. Don a samu masu huda katin, da ƙafarsa ya bi zaure-zaure yana roƙon iyaye su ba shi 'yan matan da suka gama sakandare, ana ta ce masa ya zauce. Daga baya ƙananan kwamfutoci suka shigo, masaƙu suka rufe, aka sayar da na'urar ga 'yan gwangwan a kan sikeli. Abin da ya tsira kwalin nan ne, cike da katunan aikin farko da kamfaninsa ya rubuta da kansa. A saman jerin ya ja jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa, don in sun zube a gane yadda za a mayar da su. Yakan sa yatsana a kan layin ya ce, "Kati ɗaya ya kauce, Uwargida, aikin duk ya zama shirme."

Ni kaɗai yake gaya wa waɗannan abubuwa, saboda Abba ɗan fari ne. Ban taɓa jin Alhaji ya kama sunansa ba, sai dai "mutumin nan". In Abba ya dawo daga aikinsa na asibiti ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe shi, Alhaji bango yake kallo ya amsa. Gida mai ɗaki biyu, amma wannan kunya sun ɗauko ta daga Kano ba su bar ko ɗigo ba. Duk wani saƙo tsakaninsu ta bakina yake bi.

Ranar Lahadi Abba ya kira ni kicin ya ce in je in tambayi Alhaji yadda yake so a yi da kwalin. Na tarar da shi zaune a bakin gado, kwalin a kan cinyarsa, yana shafa jan layin. Ya ce, "Ki ce wa mutumin nan ya yi abin da ya ga ya dace." Wallahi na san ba haka ke ransa ba. Amma uba ba ya roƙon ɗansa na fari alfarma, balle a gidan ɗan. Na koma na faɗa yadda aka faɗa mini, na ƙara da cewa ni dai na san ba ya so. Abba ya sunkuyo ya ce, "Shi ya ce ba ya so?" Na ce bai ce ba. Ya kalli ƙofar ɗakin, taku kaɗan ne tsakaninsa da ita, amma bai je ba. Na koma wurin Alhaji ina kuka, na ce ya ce a bar masa kawai, kalma ɗaya. Ya ja kumatuna ya ce Uwargida ta cika fitina. Haka na yi ta safa da marwa tsakanin kicin da ɗaki har ƙafata ta gaji, kowa yana jiran ɗaya ya fara.

Da safe Abba ya ɗauki kwalin da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri, ya sauka da shi. Na bi shi a baya, na zari kati ɗaya ta gefe na cusa a aljihu. Da na koma sama, ta taga na ga motar shara ta tsaya, mai kwashe sharar ya wurga kwalin, gindinsa ya yage, katunan suka watse a kan titi, iska na juya su. Alhaji ba ya gani, amma ya ji ƙarar motar. Na sa masa katin a hannu ina jiran ya yi murna. Ya laluba hujin da yatsa, ya mayar mini. "Umarni ɗaya ne wannan," ya ce. Daga ranar bai sake ba ni labarin na'urar ba, ko na tsokane shi.

Ya rasu ina aji shida. Kwanakin zaman makoki waya ba ta huta ba, tsofaffin mata ke kira daga Kano suna kuka, kowace tana cewa shi ya roƙi mahaifinta, shi ya sa ta zama abin da ta zama. Abba yana riƙe da wayar yana ta "Allah sarki", fuskarsa kamar ana ba shi labarin baƙo.

Yanzu kwamfuta ce sana'ata, wadda ke jakata ta fi ta Alhaji ƙarfi nesa ba kusa ba. Abba ya tsufa, ya saki jiki, yana hira da yayana ɗan farinsa har da tafawa, ɗiyata kuma ita ce uwargidansa. Katin yana wurinsa, shi ya roƙe ni. Kwanan baya muna zaune a bencin nan ya fito da shi, ya ɗaga shi a rana haske na ratsa hujin, ya ce, "Ke da kika san shi, me yake cewa a nan?" Na karɓa na duba, na sake dubawa. Sauran maganar tana cikin katunan da iska ta kwashe, mai maganar kuma a da yana bayan ƙofa, taku kaɗan daga kicin.

Na ce, "Ban sani ba, Abba."