Sirdi a Kan Tozo

Ba na manta ranar da aka buɗe ɗakin taron makiyaya a Belbeji, kuma ku masu koyon fenti ya kamata ku ji labarin.

Daraktan ƙungiyar da ta gina ɗakin ya kira ni da wani hoto a hannunsa: raƙuma uku da mahayansu. Ya ce in kwafe shi a bango. Aikin wani Bafaranshe ne na zamanin da, wanda ya yi shekaru a babbar makarantar zane ta Paris. A can, in ji darakta, sai ɗalibi ya gaji da zana gumaka da gawayi kafin a bar shi ya taɓa launi. Gaskiya hannun mutumin ya fi nawa nesa ba kusa ba, har gashin idon raƙumi ya fitar. Sai dai ya ɗora sirdi a kan tozo, ƙafafun mahayi na lilo. Wataƙila haka ake yi inda ya je. Mu a nan ƙasar Damargu gaban tozo ake ɗaurawa, mahayi ya kafa ƙafa a wuyan raƙumi.

Na gyara sirdin. Darakta ya zo ya gani.

"Malam Ilu, wa ya sa ka?"

"Mushe Darakta, makiyaya za su zauna a nan. Dariya za su yi."

"Mutumin da ya ci lambar yabo za ka gyara wa? Maida shi yadda yake."

Raina ya ɓaci, amma na shafe na maida. A ƙa'idarmu mai fenti yana sa sunansa a ƙasan aiki, na sa nawa.

Ranar buɗewa, wani dattijon Buzu, Alhaji Agali, wanda ya san ni tun ina yaro, ya daɗe yana kallon bangon.

"Wa ya yi wannan?"

Darakta ya nuna ni. "Mai zanenmu ne, ɗan nan garin."

Ko sunan Bafaranshen bai ambata ba. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ilu, a bayan raƙumin ubanka ka girma. Yaushe ka manta?"

Har yau idan na tuna sai zuciyata ta tafasa, kuma ba darakta kaɗai nake jin haushi ba. Bafaranshen abin da idonsa ya gani ya zana. Ni na san daidai, na zana akasinsa, na sa hannu. Manya za su ba ku umarni, amma ranar kunya sunanku ne a bango.