Danladi da Tukunyar Jirgin Ƙarƙashin Teku

Shekara shida ke nan da rasuwar abokina Danladi, mutumin Jos, wanda muka zauna ɗaki ɗaya a unguwar Setapak, can ƙasar waje, muna karatun digiri na uku. Ni noma na karanta, shi injiniya ne. Zancensa guda ne: in manyan ƙasashe sun ajiye tsohon jirgin yaƙinsu na ƙarƙashin teku, me zai hana a ciro tukunyar nukiliyar da ke tuƙa shi a ba gari wuta? Ya sha zana mini ita a kan takardar goge hannu a shagon shayi da abinci na ƙasan benenmu, wanda ake kira mamak, shayinsa na hucewa. Ban taɓa gane zanen ba.

Wata rana na ce, "Danladi, mu da gyaran taransifoma ke gagara, nukiliya za ka kai mana?"

Ya ce, "Boleh, zai yiwu, Malam Sani. Ana tsakiyar yi wa mamana aiki wuta ta ɗauke. Ba ta tashi ba."

Duk da haka ni na matsa masa ya canja batun bincikensa, ya gama ya koma gida. Ya ji maganata. Ciwon hanta bai bar shi ya gama ba.

Yanzu sai ga shi ina karantawa a jaridu wasu na kawo wannan shawara da gaske. Da yana raye, murna zai yi ko fushi da ni? Wallahi ban sani ba. Kwana biyu kafin ya cika, ya riƙe hannuna a asibiti ya ce, "Sharar nukiliyar fa, Sani? A unguwar wa za a binne ta?" Har yau na kasa rabewa: janye ra'ayinsa ya yi, ko sauran aikin ya bar mana?

Watan jiya matarsa Rifkatu ta kira ni daga Jos. Wani malamin jami'a na neman littattafan da Danladi ya cika da lissafi, ta ba shi? Sai a ranar na gaya mata maganar asibitin, wadda na ɓoye shekara shida.

Bai bar digiri ba, bai haska ko layi ɗaya ba. Ya dai bar mutum biyu da suka kasa yanke hukunci a madadinsa. Rifkatu ta ce, "Zan bayar, Malam Sani. Amma kai za ka zo ka gaya wa malamin abin da ya ce."

Na ce to. Har yanzu ban san da wace murya zan faɗe shi ba.