Askin Likita da Ɗan Jarida a Mina

Kawunan da na aske a Mina Allah kaɗai ya san iyakarsu, amma ban taɓa mantawa da ranar da ni da Yaya Sallau muka riƙe Rasha da Amurka a hannunmu, kowa da tasa, muka hana su ko waiwaye. Ku yaran yanzu da kuke aski da inji, ku yi wa mutum shafa biyu ku ce na gaba, ku saurara da kyau, don a labarin nan tawa ce gwanintar.

A lokacin ina wanzami a Misfala, wata unguwa a Makka, 'yan shekaru bayan an gama babban yaƙin Turawa. Yadda aikin yake, akwai shehin wanzamai a sama, sai mu'allimai masu rumfa, sannan irinmu masu riƙe aska. Yaya Sallau, ɗan wan mahaifina, shi ne mu'allimina. In Hajji ya zo, kowane muɗawwifi, wato mai saukar da alhazai yana yi musu jagora, yakan ɗauki wanzaman da za su aske masa baƙinsa ranar Salla a Mina, bayan an taso daga Muzdalifa an yi jifa an yi yanka. Sai an yi askin nan alhaji yake cire harami.

Labarin duniya kuwa a gidan gahawa muke jin sa ta rediyo. Abin da na fahimta shi ne, Rasha da Amurka tare suka kayar da Jamus, kamar mahauta biyu da suka haɗa ƙarfi suka kayar da bijimi, da aka zo rabon nama sai kowa ya juya wuƙarsa ga ɗan'uwansa. Amurka ta ce kowa ya nemi nasa, wanda ya samu ya riƙe. Rasha ta ce ba mai komai, komai na kowa ne, amma gwamnati ce za ta ajiye wa kowa. Mu da duk jarinmu yake cikin zabira muka ce wannan rigima ba ruwanmu da ita. Ashe har rumfarmu za ta biyo mu.

Wata shekara aka saukar wa muɗawwifinmu wasu 'yan tsirarun alhazai daga wajen Bukhara, ƙasar da ke hannun Rasha. Duk tsofaffi ne, sai mutum ɗaya matashin dattijo da suke kira Likita. Ban taɓa ganin ya ba kowa ko ƙwayar ciwon kai ba, aikinsa kawai ya bi tsofaffin nan da ido duk inda suka sa ƙafa. Harami ma sai da aka ɗaura masa. Ba a jima ba wani ya ɓullo, shi ma asalinsa can ne, amma ya gudu ya koma wajen mutanen Amurka. Ya ce shi ɗan jarida ne, yana yawo da 'yar ƙaramar kyamara a ɓoye cikin mayafi. Duk inda Likita ya bi da tsofaffinsa, Ɗan Jarida na biye.

Kowannensu sai da ya same ni a rumfa, da yake sun ji mu ne za mu yi askin. Likita ya fara zuwa, da Larabcinsa na littafi. Ya ce, "Ya ɗan'uwa, kai ma'aikaci ne, masu dukiya suna shan jininka. A ƙasarmu wanzami da minista ɗaya suke." Ya liƙa mini wata jar lamba a riga, sannan ya rage murya ya ce in na ga wani yana raɓar tsofaffinsa in gaya masa. Washegari Ɗan Jarida ya zo ya ce, "Ya ɗan'uwa, a Amurka wanzami mota gare shi." Ya miƙo mini gwangwanin reza, shi ma ya rage murya ya ce in na ga wani yana raɓar tsofaffin in gaya masa. Na ce a raina, yau ga 'yan'uwa sun yi mini yawa. Tambayarsu ɗaya ce, kyautar ce kawai ta bambanta.

Wanda zai raɓe su kuwa maƙwabcinmu ne, Ammu Ƙurban, mai gasa gurasar tamis a gefen rumfarmu. Tun yana saurayi ya gudo daga Bukhara da ƙafa, ya tsufa a Makka. Wata safiya ya shigo mana hannunsa duk gari, ya zauna ya ce, "Ya mu'allim, wana yana cikinsu. Na gan shi a ƙofar Harami, shi ma ya gan ni, ya kau da kai."

Yaya Sallau ya ce, "To ka je masaukinsu mana, ya ammi."

Ammu Ƙurban ya girgiza kai. Ya ce in Likita ya gan su tare, 'ya'yan wan nasa da ke gida su za a kwashe. In kuma Ɗan Jarida ya ɗauke su hoto ya buga, ya ce ga 'yan'uwan da Rasha ta raba, to wannan ya ma fi muni, don har tsohon ba zai tsira ba. Ya ce, "Ba na neman komai. In ji muryarsa kawai, in tambaye shi yadda tsohuwarmu ta ƙare."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, kuma na ji haushin mutanen nan biyu har wuya. Yaya Sallau ya daɗe yana wasa askarsa a fata, sannan ya ce, "Ɗayyib. Ka ɗaura harami bana, ka same mu a Mina. Saura aikin aska ne."

Ku da kuke cikin sana'ar kun san ƙa'ida. Askin Mina ba sabulu, don mutum yana cikin harami ba a sa masa ƙamshi, ruwa kawai ake jiƙa kai da shi. Daga dama ake farawa. Kuma wanda ke ƙarƙashin aska, ko sarki ne, kansa a sunkuye yake, ba ya kallon komai sai yatsun ƙafarsa.

Ranar Salla da hantsi, rana ta buɗe, ga ƙuda, ga warin yanka, muka shimfiɗa tabarma bayan tantin muɗawwifi. Tsofaffin suka jeru suka zauna. Likita ya harɗe hannu ya tsaya a kansu, ya ce shi ne na ƙarshe. Yaya Sallau ya ce, "Haba ya shekh, shugaban ayari ake fara askewa. Ko a cikinsu akwai wanda ya fi ka ne?" Mutumin da ya ce a ƙasarsu kowa ɗaya ne, sai ga shi ya gyara mayafi ya zauna da fara'arsa. Ni kuwa na yafito Ɗan Jarida da ke leƙe ta bayan igiyar tanti, na raɗa masa cewa in yana son jin abin da Likita zai faɗa, ga wuri nan dab da shi. Da gudu ya zo. Muka zaunar da su baya da baya, muka danne kawunan, kowa muka share masa gefen dama tas.

A nan ne Ammu Ƙurban ya shigo layi cikin haraminsa, ya zauna kusa da wansa. Ba wanda ya kalli wani. Duk gaba suke kallo, leɓunansu na motsi kamar masu tasbihi. Sauran tsofaffin kuwa, ba wanda ya ce musu komai, sai na ga suna matsowa a hankali har suka kewaye su, kowa ya juya baya.

Nan take askata ta dakushe. Ta Yaya Sallau ma ta dakushe. Muka shiga wasawa, hannu ɗaya a kan abokin ciniki kada ya ɗago. Likita ya yunƙura zai waiga, Yaya Sallau ya ce, "A'a ya shekh, kunne!" Likita ya ce to a bari haka ya isa. Yaya ya ce, "Da rabin kai? Ka tashi mana, Mina gaba ɗaya ta ga shugaban Rasha." Ya koma ya lafe.

Allah ya taimake mu da bakinsu. Da suka gane juna ta murya, sai gardama ta kaure, da Larabci don mu ji mu yi musu alƙalanci. Likita ya ce jininsu ne ya ci yaƙin. Ɗan Jarida ya ce motocinsu da abincinsu ne suka ci. Wannan ya ce suna da bam mai cinye gari ɗaya, wancan ya ce su ma yanzu sun ƙera nasu. Duk wannan cika baki ƙasa suke yi wa, ruwa na ɗiga daga hancinsu. Ɗan Jarida ya ce da ni, "Kai wanzami, faɗi gaskiya, wa ya fi son talaka?" Na ce, "Sunkuya."

Kan mutumin nan sai da na bi shi, na sake bi, na koma neman gashin da babu. Na Likita kuwa har ƙyalli yake kamar sabuwar tasa. Sai da na hango Ammu Ƙurban ya goge fuska da gefen mayafi, ya ja baya ya zama na ƙarshen layi, sannan na yi tari. Muka yi musu barka da aski, muka ce, "Na'iman!" Suka miƙe, suka kalli juna, ba ka iya bambance Rasha da Amurka. Kowa ya tambaye ni a ɓoye ko na ga wani abu. Na ce na ga kai.

Ni na aske tsohon, wan Ammu Ƙurban. Gashinsa fari fat, kansa na rawa a hannuna, hawaye na zuba a tabarma, Likita na tsaye yana cewa zafin rana ne. Bayan sun tafi ina shirin share wurin, sai Ammu Ƙurban ya riƙe mini hannu. Ya durƙusa ya tsince farin gashin nan kaf, ya ƙulle a bakin haraminsa.

Abin da na koya shi ne, manyan nan biyu kowa da bakinsa yake son talaka, kuma kowa in ya samu dama da talakan zai jefi abokin gabarsa. Na kuma koyi cewa wanzami ba gashi kawai yake riƙewa ba, ya san kan da zai sallama da wuri da wanda zai riƙe. Tsohon ya koma ƙasarsu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Bayan Hajji na tambayi Ammu Ƙurban ina ƙullin nan. Yana cusa gurasa a tanderu, bai ko juyo ba ya ce, "Na binne a maƙabartar Ma'ala, inda za a kai ni. Gashin nan kaɗai suka bari ya zauna da ni."