Zangon da Baba ya share

Tun da Baba ya baro Garwa ya zo Libreville bai taɓa kwana a ɗakin da ba na haya ba. Butoci da katifu yake sayarwa a unguwar Oloumi. Mu kuma a unguwar Derrière la Prison aka haife mu, a gidan da in maƙwabci ya yi atishawa daga ɗakinmu muke yi masa addu'a.

Shekarar da na shiga jami'a aka fara maganar gina tashar lantarki mai aiki da kwal a bayan gari, kusa da bakin ruwa. Kowa murnarsa a daina ɗauke wuta. Baba shi ba wutar ce ta dame shi ba. A wajen mutanenmu, inda duk za a buɗe babban aiki, wanda ya riga kowa kafa rumfa ya jera duwatsun masallaci shi ne mai zango. Baƙi wurinsa za su sauka, unguwar ma da sunansa za a kira ta. Ya kai wa dattijon ƙauyen da ke kusa da wurin goro da turmin atamfa, aka nuna masa wani fili duk ciyawa.

Kowace Lahadi can muke wuni. Baba, da ko albasa bai iya yankawa ba, ya sayi adda yana saran daji har tafin hannunsa ya yi kanta. Yana auna fili da taku, yana nuna mana inda mai shayi zai zauna da inda za a haƙa rijiya. Na nuna masa alƙibla a waya, ya ce wayar yaushe aka haife ta. Inna tana soya kifin da ta saya wurin matan ƙauyen, muna ci da rogo a kan tabarma. Ban ƙara jin daɗin wasu ranaku kamar waɗannan ba, kuma ina kewarsu ƙwarai.

Matan nan ne suka gaya mini tsoronsu: toka za ta rufe gonaki, ruwan zafin tashar zai kori kifi. Da suka ji Faransancina ya nuna, suka roƙe ni in rubuta musu takardar koke. Na rubuta, na kai ta ofishin hukuma da kaina, ban gaya wa kowa a gida ba.

Bayan wasu watanni rediyo ya ce an fasa aikin. Wasu suka ce masu kuɗin ne suka janye, wasu suka ce koke ne ya yi yawa. Na raka Baba kwance rumfar da ya kafa a filin. Ina riƙe masa kwano yana zare ƙusa na faɗa masa abin da na yi.

Bai ɗago ba. Ya tambaye ni ko matan suna da gaskiya, na ce ina ganin suna da ita.

“To kin kyauta musu,” in ji shi. “Su suna da garin da za su kare. Ni so na yi in an tambaye ki 'yar ina ce, ki samu amsa.”

Bai sake tayar da maganar ba. Shekara na zagayowa suka koma Garwa shi da Inna, ni na zauna saboda karatu. Har yau in direban taksi ya ji ina Hausa a waya ya tambaye ni 'yar ina ce, sai in gaya masa inda zai sauke ni.