Guduma da Ƙusa Tare Suka Sauka

Na Allah ne mu, kuma komai daɗewa gare shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Yuli, Allah ya karɓi ran aminina, tsohon malamin kimiyya da ɗalibansa suka laƙaba wa Malam Me-ya-sa. Ya cika a ɗakinsa, mai ɗakinsa na riƙe da hannunsa, taga a buɗe yadda yake so. Da aka aiko mini na yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba shi da ƙara. Amma akwai sanyi a cikin kukan, kuma dalilin wannan sanyi nake so in faɗa.

Ni magini ne, ban taɓa zama a aji ba. 'Yata ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Abin da Allah ya ba ni shi ne riƙo: abin da ya shiga kaina ba ya fita.

Malam, ina tuna ranar da muka haɗu. Ina kan tsani ina buga katako a sabon ajin makarantarku, guduma ta suɓuce mini tare da ƙusar da ke hannuna. Kai kana wucewa, alli ya ɓata maka aljihu. Wani da sannu zai yi mini, ko ya ce in kula da kawunan yara. Kai sai ka ɗaga kai ka tambaye ni wanne ya riga isa ƙasa. Na ce guduma mana, wannan ma tambaya ce? Ka ce, "Ka gani, ko zato kake yi?" Na ce mai nauyi shi ke riga, kowa ya sani. Ka ce tare suke sauka, in ban yarda ba in gwada. Na ce ni ba na gwada abin da na riga na sani. A kan wannan magana muka tsufa.

Daga baya na gina maka gida kusa da nawa, bencin ƙofarka ya zama wurin zamanmu bayan la'asar. Ba ka taɓa barin abu ya wuce lafiya ba. Ka tambaye ni don me nake ba sabon gini ruwa, na ce haka muka tarar. Ka ce ai siminti ba bushewa yake yi ba, ruwan yake kamawa ya zama dutse da shi. Na ce to, hannuna ya riga bakinka sani. Ka yi dariya ka ce ka yarda. Wata rana ka durƙusa da farar rigarka a kan layin tururuwa, ka goge hanyar da yatsa, suka rikice suna karo da juna. Ka ce ƙamshi suke bi, ba ido ba. Mai ɗakinka ta leƙo ta ce mu tashi, maƙwabta na kallo, tsofaffi biyu sun rasa aikin yi.

Lokacin da bulo ya datse mini kan yatsa, kowa da jaje ya zo. Kai ka zauna bakin gadona kullum, kana mamakin yadda ƙadangare ke mayar da wutsiya, ni kuwa da na fi shi amfani ba zan mayar da ɗan yatsa ba. Na tambaye ka dalili, ka ce ba ka sani ba, masu bincike ma suna nan suna nema. Ban taɓa ganin mutumin da ke faɗin "ban sani ba" da fara'a irin taka ba. Haushinka ya mantar da ni ciwon.

Kuma duk tsawon zamanmu ba ka taɓa kashe gardama da cewa ban yi karatu ba. Ka kan ce maganar da za a iya gwadawa a kama ta da ƙarya, ita ce ta sana'arku. Wadda ba ta gwaduwa kuwa, a kai ta wani shagon. Na taɓa tambayarka ko wannan tone-tone ba ya taɓa imani. Ka ce wanda ya tsaya yana duba yadda aka jera bulo, ai bai ce babu magini ba.

Sai ciwon mantuwa ya zo. Ya fara da makulli da sunayen ɗalibai, ya kai ga ka kalli 'ya'yanka kamar baƙi. Babbar 'yarka, wadda kake kira Uwata, ma'aikaciyar jinya ce, ta kafa doka don tausayinka: duk abin da ka faɗa a ce maka haka ne. Ta tare ni a ƙofa ta ce, "Kawu, na san halinka. In ka tayar masa da hankali, wallahi zan hana ka shiga." Ban ce mata na yarda ba. Ina zaune ina jin ka ce da rana dare ne, a ce haka ne, Baba. Ka ce ka ci abinci alhali ba ka ci ba, a ce haka ne. Mutumin da gardama ce abincinsa, aka yi ta ba shi "haka ne" har ya daina magana.

Wata safiya ina gyara maka ƙafar gado, ka kalli gudumar da ke hannuna ka ce, a hankali, ita ce ke riga ƙusa sauka. Duk ɗakin aka ce haka ne. Shekara da shekaru ina jiran wannan magana daga bakinka, ga ta ta zo, amma ba kai ne ka faɗe ta ba, ciwo ne. Na ga za ka bar duniya a kan abin da ka ƙare rayuwarka kana musawa, ni kuma in gaji nasarar da ban ci ba.

Na ce, "Malam, ka gani, ko zato kake yi?"

'Yarka ta harare ni. Kai kuwa ka daɗe kana kallona, sannan ka ce, "Gwada."

Na jawo kujera na hau. Mai ɗakinka ta ce zan fasa mata daɓe, na ce ni na zuba shi, ni zan gyara. Guduma a dama, ƙusa a hagu, na ɗaga su daidai da juna na saki. Tare suka taɓa ƙasa. Ka ce in sake, sau ɗaya ba shaida ba ne. Na sake. Ka ce in canza hannu, wataƙila wani hannun ya fi wani saurin saki. A nan na san ka dawo, don babu wani a gidan da zai tuna da hannu. Sai ka juya wajen 'yarka, wadda ka daɗe ba ka gane ba, ka ce, "Uwata, rufe ido ki saurara, ido yana son kai. Wanne ya riga?" Ta rufe, hawaye na bin kumatunta, na saki. Ta ce tare, Baba.

Ka ce, "Magini, an kayar da kai." Na ce saura ganye, don shi dai a hankali yake saukowa. Ka ce iska ce ke tare shi, in an zuƙe iskar shi ma tare zai sauka. Na ce sai na gani. Ka yi dariya har da tari.

Kafin azahar duhun ya sake rufe ka, ba zan yi ƙarya ba. Amma daga ranar dokar ta faɗi. 'Yarka da kanta ta riƙa musa maka, wani lokacin ka amsa, wani lokacin ka yi shiru. A makonnin da suka rage maka ka kira 'ya'yanka da sunayensu, ka yi wa mai ɗakinka godiya, ta ji da kunnenta. Ka tafi kana kai ɗinka, ba baƙo a gidanka ba. Wannan shi ne sanyin da nake ji. An kayar da ni a gaban mata, kuma ban taɓa jin daɗin kaye irin wannan ba.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa abin da ka koyar ya bi ka da lada. Ya nuna maka amsar duk abin da ka ce ba ka sani ba. Ga mai ɗakinka, da Uwata da ƙannenta, da ɗalibanka da ke warwatse ko'ina, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Na gyara daɓen kamar yadda na yi alkawari. Maganar ganye kuwa, har yanzu ban gani ba.