Baƙin Man Bayan Depo

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, ana gab da kama azumi, na fita sayen sukari a Sabon Gari na tarar mai tebur ya rufe kayansa da buhu ya zauna a kai. Ya ce ba zai sayar ba sai ya ji farashin gobe. Da wannan safiyar nake gane shekarar. A cikinta aikina ya ƙare, a cikinta kuma wana ya rasa shanunsa.

Lokacin ina aiki a depon wani babban kamfanin mai da ke bakin garin Maraɗi. Wurinmu can baya ne, inda ake tara abin da kamfani ya gama da shi: gangunan ƙarfe da aka juye, tsofaffin tayu, tsumma, sai baƙin man da ake tsiyayewa daga injin motocin dako. Akwai kuma laka. Laka ita ce abin da ke kwantawa a gindin manyan tankuna. In za a fitar da ita sai an wanke tankin da wani magani mai yaji da ke sa ido hawaye. A ido, laka da baƙin mai duk ɗaya ne. Hanci kaɗai ke raba su.

Babbanmu wani dattijo ne mutumin Tibiri. Yawancinmu ba mu iya karatu ba a lokacin, sai ya yi mana alama. Gangar baƙin mai a zagaye bakinta da farar ƙasa, gangar laka a shafa mata jan fenti. Mai ja rami ake kai ta a ƙone. Mai fari kuwa ta jama'a ce. Magina su shafa wa azara don gara, masu amalanke su sa wa ƙafa, masu shanu su shafa inda kirci ya ci fata. Ganguna marasa komai kuma maƙeran Tibiri ke kwasa, su fasa su yi ƙofa da murhu.

Wana yana Jiratawa. Yana da fili a gonakin ban ruwa, da amalanke, da bijimai biyu, fari da ja. Ya fi kula da su a kan kansa. Kowace damina, da kirci ya fara, sai in ɗaura galan a bayan keke in kai masa. Tun daga nesa zai fara.

"Ga Mushe sarkin juji! Yau mi aka zubar?"

"Abin da ke riƙe da amalankenka, Yaya."

"To sauko ka sha fura, amma ka wanke hannun nan tukuna, kada ta yi warin gareji."

Matarsa ta yi dariya daga madafa, ta ce mu biyun ba mai girma.

Bayan an karya kuɗi, komai na ƙarfe ya yi daraja. Wani attajiri ya saye gangunan depo gaba ɗaya, har waɗanda muke aiki da su, aka loda a mota aka yi kudu da su. Da bazara aka ce za a rage ma'aikata, aka fara da mu na baya. Dattijon nan ya tsaya a ƙofar ofis yana tambaya wa zai riƙa raba mai da laka. Aka ce masa ya je, za a duba. Tun da ba ganga, ba mu, sai aka koma zuba komai a rami ɗaya. Ƙonawar ma aka daina. Ba a jima ba mutane suka gane hanyar ramin ta inda katanga ta zube, suna ɗiba a gwangwani suna kaiwa kasuwannin ƙauye.

Ni kuwa na zauna a gidanmu na unguwar Zariya, in an samu dako in yi, in ba a samu ba in dawo. Damina ta sauka ban je Jiratawa ba. Kekena na nan, galan ne babu abin zubawa.

Wata safiya wata mai kawo zogale daga Jiratawa ta tsaya a ƙofar gidanmu, ta ce matar wana ta ce in zo, shanu ba lafiya. Na hau keke.

Ban shiga gidan ba na ji warin. Na san shi kamar yadda na san muryar mahaifiyata. Idona ya fara yaji tun a zaure.

Farin yana kwance, wuyansa a miƙe, kumfa na fita ta baki. Duk inda aka shafa, daga tozo har gindin wutsiya, fatar ta tashi tana salewa. Jan yana tsaye amma ƙafafunsa na rawa, yana ta lasar gefensa. Wana na durƙushe tsakaninsu da ƙwaryar ruwan toka yana wankewa. Hannuwansa sun yi bororo har gwiwar hannu.

"Yaya, ina ka samo wannan?"

Bai ɗago ba. "Kasuwa."

"Wannan laka ce. Ba ka ji warin ba?"

"Na ji. Na tambayi mai shi, ya ce na depo ne. Ya ce na wurin aikinka ne." Ya matse tsumman. "Da ya faɗi haka ban ƙara tambaya ba."

"Don me ba ka aiko mini ba?"

Sai a nan ya dube ni. "In aiko in ce ma mi? Mutum na zaune ba aiki, in aika in tuna masa?"

Matarsa ta faɗa mini cewa ya je wurin likitan dabbobi tun farko, aka faɗa masa sabon farashin magani, ya juyo.

Muka ɗura musu madara da jiƙon tsamiya, muka yi ta wanki har rana ta take. Bayan azahar farin ya fara shure-shure, maƙwabta suka ce a yanka kafin ya zama mushe. Wana ya miƙa wa liman wuƙa, ya juya baya. Da mahauci ya buɗe cikin sai ya ja da baya ya toshe hanci. Ya ce, "Ka yi haƙuri, malam, wannan ko kyauta ba mai ci." Fatar ma ya duba ya ajiye. Washegari jan ya bi shi. Muka ja su da igiya zuwa bayan gari, muka haƙa rami mai zurfi don kada karnuka su tono.

Da muka dawo wana ya zauna a kan amalanke, hannuwa a naɗe da tsumma. Na so in ji ya ce mini sarkin juji, ko da faɗa ne. Ya ce, "Ka koma gida, rana na yi."

Ba shanu, ba huɗa, ba dakon taki. Da rani ya zo bai iya riƙe filinsa ba, ƙungiyar manoma ta ba wani. Ya tafi Katsina aikin gini, daga can ya ƙara gaba. Yakan zo da salla, mu gaisa, ya tambayi iyali, in tambayi hanya. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, bai kuma sake yi mini ba'a ba.

Ramin depo daga baya an cike shi da ƙasa. Nakan wuce ta wurin, har yau ciyawa ba ta fito ba.

Abin da ya tafi a shekarar: bijimai biyu, da namansu da fatarsu. Amalanke ɗaya. Fili ɗaya a Jiratawa. Aikina. Yatsu biyu na hannun damar wana, waɗanda ba su ƙara lanƙwasuwa ba.