Na-Tukunya, Jarumin Yayana

Da sanyin shekarar da Mama ta rasu, Abba ya sayo ƙaramin murhun ƙarfe da buhun gawayi, ya hau da su rufin benen da muke haya a unguwar Malaz, a birnin Riyad. Kaka ce ta sa shi. Ta zo daga Funtuwa da bizar ziyara don ta ɗan zauna da mu, kuma tun ranar farko ta raina na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki da ke falonmu. Ta ce abin da ba ya hayaƙi, ba ya gasa gyaɗa, ita ba za ta kira shi wuta ba. To da an idar da magariba sai mu hau sama, ni da ita, wani lokaci har da Abba in ya taso aiki da wuri. Takan zauna a darduma, ta miƙe ƙafafu wajen garwashi, ta yi mini tatsuniya har a kira isha'i. Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin. A Riyad aka haife ni, Larabci ne a bakina, Hausata kuwa rabi da rabi ce, don haka kullum ina tsayar da ita ina tambayar ma'anar kalma, tana yi mini dariya.

Yayana Faisal ba ya hawa. Shi ne ainihin dalilin zuwan Kaka, ko da yake ba wanda ya faɗa a fili. Tun da aka dawo daga jana'iza ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ya daina cin abinci tare da mu. 'Yan gida Najeriya, direbobi da ma'aikatan asibiti abokan Abba, sun yi ta zuwa gaisuwa, bai fito ya miƙa wa ko mutum ɗaya hannu ba. Ya samo wata baƙar riga mai hula ya maƙale mata, in ka yi masa magana sai ya amsa daga can cikin maƙogwaro kamar mai mura. Abba yana fita tun asuba, ga bizar Kaka ba mai tsawo ba. In ta koma ta bar shi a haka, babu wanda ya rage da zai iya fito da shi.

Abin da yake yi a ɗakin shi ne kallon fim guda ɗaya, in ya ƙare ya sake dawo da shi farko. A lokacin babu gidan sinima a Riyad, wani abokinsa ne ya ba shi faifan. Labarin wani ƙato ne mai ƙarfin da ya wuce na mutane, wanda aka fasa gada da matarsa a kai. Daga nan sai ya rufe fuska da ƙarfe, ya daina dariya, ya shiga farautar wanda ya yi abin. Shi ke nan labarin, amma sai da aka ja shi har mutum ya gaji da zama. Rana ba ta fito ba ko sau ɗaya. Rabin faɗan ma ba ka ganin wa ke dukan wa, sai ƙara da ƙura. Matan ciki ba su da aiki sai ihu. Jarumin kuwa in ya buɗe baki sai ya zubo wata magana mai nauyi a kan duhu da azaba, ka zauna ka juya ta, ka ga babu komai a ciki.

Wata ranar Juma'a da la'asar Kaka ta tura ƙofarsa ba sallama, ta zauna a bakin gado, ta ce in zo in yi mata tafinta. Faisal ya ɗaure fuska amma bai kashe ba.

“Wannan shi ne gwanin naka, maigida?” in ji ta. “Me ya kifa a kansa, tukunya?”

Na ce ƙarfe ne, don kada a gane shi.

“Wa zai so ya gane shi? Su kuma masu fim ɗin, an ɗauke musu wuta ne?”

Haka ta yi ta yi har ƙarshe. Mugun fim ɗin, wani dattijo mai fara'a da ke zuba wa baƙinsa shayi kafin ya hallaka su, shi ne kaɗai ya burge ta. Ta ce wannan aƙalla an yi masa tarbiyya, yana gaida mutane. Da aka zo babban faɗa, jarumin ya riƙa jifan abokin gabarsa da motoci, benaye suna zubewa da mutane a ciki, sai ta riƙe haɓa.

“Tambayar mini shi, su waɗannan da ginin ya danne, ba su da iyaye ne? Ko tasa matar ce kaɗai mutum?”

Wuri ɗaya ne ta yi shiru. Jarumin ya koma gidansa, ya tarar da silifas ɗin matarsa a bakin ƙofa yadda ta cire su, sai ya zauna a ƙasa. Babu kiɗa, babu magana. Gaskiya wanda ya shirya wannan wurin ya san mutuwa, kuma har yau ban janye wannan yabon ba. Kaka ta kafa wa allon ido har wurin ya wuce. Da aka koma fashe-fashe sai ta miƙe, ta karkaɗe zaninta, ta ce an ɓata wa mutane yini.

Akwai abubuwa biyu da ni da Faisal ba mu sani ba, don ba a gida muka tashi ba. Na farko, tsakanin kaka da jika wasa ne. Tana kiransa mijinta, tana zolayarsa son ranta, shi ma ana so ya rama. Mu kuwa an koya mana mu sumbaci goshin tsoho mu ja bakinmu mu yi shiru, don haka duk abin da ta faɗa Faisal ya ɗauke shi cin mutunci tsagwaronsa. Na biyu, Mama ita ce 'yar farin Kaka, kuma matan zamaninsu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa nuna damuwa da shi a gaban mutane. Tun zuwanta ba mu ji ta ambaci sunan Mama ba, sai dai “uwarku”, ba mu kuma ga hawayenta ba. Faisal ya ce mini da Larabci wannan tsohuwar ba ta da zuciya, ni ma na kusa yarda.

Tun daga wannan Juma'ar tatsuniyar ta canja. Gidanmu ne na ƙarshe a sama, ƙofarsa tana gindin matattakalar rufi. Kaka ta ce in bar ƙofofin duka a buɗe, ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda ba ta saba ba.

“Ga wata tatsuniya nan ta taso, ku matsa mata wuri.”

Na ce ta shigo.

Wai an yi wani mutum mai ƙarfin giwa, matarsa ta je rafi dodo ya cinye ta. Sai ya ce shi baƙin cikinsa ya fi na kowa a duniya, ya ɗauki tukunyar miya ya kifa a kai, aka riƙa kiransa Na-Tukunya. Mutanen gari suka zo gaisuwa, ya haye kan soro ya juya musu baya. Maƙwabciya ta kawo tuwo, ya bar shi ya yi tsami. Ya tafi neman dodo, a hanya duk rumbun da ya tare masa gaba sai ya rushe shi, duk rijiyar da ya taka sai ta rufta. Kaka ba ta ƙare ta a zama ɗaya ba. Kowace magariba sai ta ƙara masa wani abin kunya: yau ya faɗa kwata don ba ya gani, gobe ya yi wa kututture jawabi yana zaton dodo ne. Tana kwaikwayon muryarsa daga maƙogwaro har tari ya sarƙe ta, ni kuma ina dariya ina jin kamar na ci amanar yayana.

Da farko Faisal yakan rufe ƙofa da ƙarfi. Daga baya ya daina rufewa. Wata magariba na leƙa na gan shi zaune a matattakala, ya ja hular rigarsa har hanci.

Ana saura kwana kaɗan Kaka ta tafi ta kai tatsuniyar ƙarshe. Abba yana nan a ranar, yana gefe yana juya gyaɗa. Na-Tukunya ya kashe dodo, ya dawo gari yana jiran kirari, sai ya tarar kowane gida zaman makoki ake yi saboda ɓarnar da ya yi, babu mai lokacinsa. Yunwa ta kama shi, ya zo cire tukunya, ta ƙi fita.

“Ka ga wawa,” in ji Kaka. “Yana tsammani shi aka fara yi wa mutuwa.”

Sai ga Faisal tsaye a kanmu. Da Hausarsa mai karyewa ya yi magana, abin da na daɗe ban ji ba.

“Khalas, ya isa. Ke ba ki san komai ba. Shi yana son matarsa. Ke fa? Ke ba ki yi kuka ba. Ko sunanta ba kya faɗa.”

Abba ya yunƙura zai tashi, Kaka ta ɗaga masa hannu, ya koma ya zauna. Ta dubi garwashi.

“Hadizatu,” ta ce.

Abba ya sunkuyar da kai. Daga baya ya gaya mini tun da ya auri Mama bai taɓa jin sunan nan daga bakin Kaka ba.

“Hadizatu. Ga shi na faɗa maka. Ni na goya ta, ni na yaye ta, na rako ta filin jirgi da ƙafata. Na zo garin nan, ko kabarinta ban gani ba. Silifas ɗinta suna nan bayan ƙofar kicin, kullum sai na tsallaka su. Ka ga na kifa tukunya? In na kifa, wa zai dafa wa ƙanwarka?”

Muryarta ba ta tashi ba, amma hawaye suna bin fuskarta, ba ta kuma share ba. Can sai Faisal ya durƙusa kusa da ita, ya ture hular baya, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ta bar shi ya yi mai isarsa. Da ya lafa sai ta tura masa kwanon gyaɗa.

“Ci, maigida. Dubi wuyanka kamar na zakaran da aka fige.”

Ya ja hanci, ya dube ta. “Ke ba ki da haƙori ma. Ya za ki ci gyaɗa?”

Na ɗauka Abba zai mare shi. Sai na ji Abba yana dariya ƙasa-ƙasa, Kaka kuwa har da tafa hannu.

“Yauwa,” in ji ta. “Sai yau na yi miji.”

Ba zan ce ya warke a ranar ba. Rigar ta ɗan ƙara kwana a jikinsa, fim ɗin ma bai jefar ba. Amma washegari ya ci abinci da mu, ranar tafiyarta kuma shi ya tura mata kaya a filin jirgi, suna tafe suna zagin juna, ma'aikatan wurin suna kallonsu.

Shekaru bayan haka, da aka buɗe gidajen sinima a Riyad, aka kawo ci gaban labarin ƙaton nan, Faisal ya ja ni muka je. A babban allo kiɗan yana ratsa ƙirji, faɗan yana da ban mamaki, wannan ba zan hana su ba. Sauran kuwa yana nan yadda na san shi, duhu da gurnani da gine-gine suna zubewa a kan mutanen da ba a ko nuna fuskarsu ba. A nan na gane abin da ya sa raina ya ƙi irin finafinan nan. Suna ɗaukar baƙin ciki su mai da shi ado, su nuna wa yaro cewa wanda ya fi kowa ƙin magana shi ya fi kowa so. Kaka ta fi mu duka rashi, kuma ita ce ta hura wuta, ta gasa gyaɗa, ta zauna tana ƙirƙiro shirme don ta ja yaro ya fito daga ɗaki. Ban taɓa ganin an yi fim a kan irin wannan ƙarfin ba.

Ba a jima ba Kaka ta rasu. Faisal ne ya je Funtuwa a madadinmu, ya zauna a tabarma tare da kawunnanmu, yana miƙa hannu yana amsa gaisuwa da Hausar da ta ɗan miƙe. Da ya dawo na tambaye shi yadda ya baro gida. Ya ce lafiya lau, kowa ya karɓe shi hannu bibbiyu, kowa yana girmama shi, ana ce masa ɗan Saudiyya. Sai ya shiga wasa da makullin mota.

“Ruƙayya,” ya ce, “yanzu wa zai zage ni?”